Kafin ka ajiye aiki a Amurka: yadda ake neman hutun iyali da kuɗin rashin aiki

Wata baiwar Allah ta kira ni da daddare, muryarta na rawa. Shekara uku ta yi tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi, sai aka yi mata waya cewa mahaifiyarta ta faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Cikin ruɗewa ta tura wa shugabar sashensu saƙo cewa ba za ta iya ci gaba da aiki ba, ta yanki tikiti ta tafi. Bayan wata biyu ta dawo. Jikin tsohuwa ya yi sauƙi, alhamdulillahi, amma gurbinta an ba wata, inshorar lafiyarta da ta yaranta ta yanke, kuma da ta nemi kuɗin rashin aiki sai aka aiko mata da wasiƙa cewa ita ce ta bar aikin da kanta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne doka ta ba ta damar yin wannan tafiya har tsawon mako 12, ta dawo ta tarar da aikinta yana jiranta. Da ta rubuta "ina neman hutu don jinyar mahaifiyata" a maimakon "na bari", da duk wannan bai same ta ba.

Tsari biyu ne a nan, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Inshorar rashin aiki an yi ta ne domin mai lafiya, wanda a shirye yake ya kama aiki gobe da safe, amma aikin ya kuɓuce masa ba da laifinsa ba. Hutun iyali da jinya kuwa na wanda aikinsa yana nan ne, sai dai haihuwa ko ciwo ya hana shi zuwa. Sharaɗin wannan yana rushe na wancan. In ka gaya wa ofishin rashin aiki cewa kana kan jinyar mahaifinka dare da rana, za su ce ba ka shirya wa aiki ba. In kuma ka riga ka ajiye aiki, babu gurbin da doka za ta riƙe maka. Shi ya sa zan fara da hutu, don shi ake nema tun ana cikin aiki.

In aikinka na nan: fara da duba ko dokar FMLA ta shafe ka

FMLA dokar tarayya ce ta hutun iyali da jinya, Shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu ranar 5 ga Fabrairu, 1993. Tana ba ma'aikaci hutun mako 12 a cikin shekara guda. Ba a biyan albashi a lokacin, amma dole kamfani ya ci gaba da inshorar lafiyarka kamar kana zuwa aiki, kuma ya mayar da kai gurbinka ko wani daidai da shi a albashi da matsayi.

Sharuɗɗa uku za ka duba, kuma sai sun cika duka. Ka yi wa kamfanin aiki na wata 12. Ka yi aikin awa 1,250 a cikin wata 12 da suka gabaci ranar fara hutu, wato kusan awa 24 a kowane mako. Sannan kamfanin yana da ma'aikata 50 ko fiye a cikin tazarar mil 75 daga inda kake aiki. Maganar awanni ita ce ke kayar da mutane da yawa, domin awannin da ka yi aiki da jikinka kawai ake ƙirgawa, ranakun hutun shekara da na rashin lafiya ba sa ciki ko da an biya ka su. Ka ɗauko takardun albashinka ka haɗa lissafin da kanka kafin ka buɗe baki. Mai aiki wuri biyu kuma ya sani cewa ba a haɗa awannin kamfani biyu, kowanne da nasa lissafin.

Dalilan da dokar ta amince da su: haihuwa da renon jariri, karɓar yaro riƙo ta hanyar hukuma, ciwo mai tsanani da ya kama kai kanka, ko jinyar mata ko miji, ɗa ko 'ya, uwa ko uba. Iyalan sojoji suna da ƙarin tanadi har mako 26 don jinyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Hutun haihuwa na uwa da uba ne duka, kuma sai an yi shi kafin jariri ya cika shekara. In mata da miji a kamfani ɗaya suke, kamfanin na iya haɗa musu mako 12 su raba a tsakaninsu wajen renon jariri.

A nan sai an yi hattara, domin "iyali" a bakin wannan doka ya fi namu ƙunci ƙwarai. Suruka da suruki ba sa ciki. Wa, ƙani, ya, ƙanwa, duk ba sa ciki. Kaka ma ba ta ciki saboda kasancewarta kaka kawai. Amma akwai wata ƙofa da yawancin mutanenmu ba su san da ita ba: duk wanda ya tsaya maka a matsayin uwa ko uba lokacin da kake yaro, dokar ta ɗauke shi a matsayin mahaifi, ko da babu takardar kotu, ko da babu dangantakar jini. Gwaggon da ta riƙe ki tun kina ƙarama, kakar da ka tashi a ɗakinta, kawun da ya ciyar da kai ya sa ka makaranta, duk za ka iya neman hutu don jinyarsu. Kamfani na iya neman shaida, kuma gajeren bayani a rubuce daga gare ka cewa ita ce ta rene ka ya wadatar. Haka nan ɗan ɗan'uwanka da ke hannunka kana riƙo, a idon dokar ɗanka ne.

Mara lafiyar ba sai yana Amurka ba. Dokar ta yarda da takardar likitan wata ƙasa muddin yana da lasisin aiki a ƙasarsa. In takardar ba da Turanci aka rubuta ta ba, kamfani na iya cewa ka kawo fassara. Jinya kuma ba ta tsaya ga ba da magani da wanka ba. Kai mara lafiya asibiti, nema masa mai kula da shi, har zama kusa da shi don kwantar masa da hankali, duk suna ciki. Abin da ba ya ciki shi ne rasuwa. In Allah ya yi wa wanda kake jinya cikawa, hutun FMLA ya ƙare daga ranar, sai ka kira wurin aiki ka nemi hutun makoki bisa tsarin kamfanin ko dokar jiharka. Kar ka yi shiru ka zauna a kan cewa ai sauran makonni na nan.

Yadda ake nema

In abin sananne ne tun da wuri, kamar haihuwa ko tiyatar da aka sa wa rana, ka sanar kwana 30 kafin lokacin. In na gaggawa ne, ka sanar da zarar ka samu sarari, a ranar ko washegari, kuma ka bi hanyar da kamfanin ya tsara na sanar da rashin zuwa. Shawarata ita ce ko ka yi magana baki da baki, ka bi ta da imel zuwa sashen kula da ma'aikata, ka tura wa kanka kwafi a adireshinka na kai. Ranar da aka sallami mutum, a ranar ake rufe masa imel ɗin ofis, duk shaidar da ke ciki ta tafi.

Kada saƙon ya tsaya ga "ba ni da lafiya" ko "ina da matsalar gida". Wannan bai isa ya ɗora wa kamfani nauyi ba. Ka faɗi wanda ba shi da lafiya, ka ce an kwantar da shi a asibiti ko yana ƙarƙashin kulawar likita, ka faɗi ranar da kake son farawa da tsawon da kake zato, ka ambaci FMLA da sunanta. Ba dole ba ne ka bayyana sunan cutar ga shugabanka.

Daga nan kamfani na da ranakun aiki 5 ya gaya maka ko ka cancanta. Yawanci zai ba ka fom ɗin da likita zai cike: WH-380-E in kai ne mara lafiyar, WH-380-F in wani naka ne. Kana da kwana 15 ka mayar. Kwana 15 ɗin nan su ne inda ake yawan zamewa, musamman in likitan yana wata ƙasa. Ka buga fom ɗin ka sa a jaka kafin ka tashi, ka kai wa likita a ranar farko da ka isa, ka tsaya a kansa har ya cike kowane gurbi, musamman inda ake tambayar ranar da ciwon ya fara da tsawon lokacin da za a buƙace ka. Ka ɗauki hotonsa ka tura ta imel nan take. In ka ga lokaci zai ƙure, ka rubuta ka nemi ƙari tun kafin ranar ta cika, ka faɗi ƙoƙarin da kake yi.

Ba lallai ne a cinye mako 12 a jere ba. Mai kai mahaifinsa wankin ƙoda sau uku a mako, ko mai ciki da laulayi ke kwantar da ita jefi-jefi, na iya ɗaukar hutun a gutsure, yini guda ko 'yan awanni, in likita ya rubuta haka. Na renon jariri ne kawai sai kamfani ya yarda kafin a gutsura shi. Ka tambayi abu biyu a rubuce kafin ka tafi: yadda za ka riƙa biyan kasonka na inshorar lafiya tunda babu albashin da za a cire, da kuma yadda suke ƙirga shekarar hutun, domin wasu daga Janairu suke farawa, wasu kuma baya suke waiwayawa wata 12 daga ranar da ka nema. Ka kuma sani kamfani na iya tilasta maka haɗa ranakun hutunka na albashi da wannan hutu, su tafi tare.

In an hana ka, ko an rage maka awanni, ko an kore ka saboda ka nema, sashen albashi da awannin aiki na Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya ne ke karɓar ƙorafi, a lamba 1-866-487-9243. Kai ƙara kotu kuma yana da wa'adin shekara 2, ko 3 in da gangan aka take dokar.

To, da me za a ci abinci a makonnin nan?

Wannan ce tambayar da ke hana mutane ɗaukar hutun, kuma amsarta tana ga jihar da kake aiki. Kalifoniya ce ta fara biyan kuɗin hutun iyali a 2004, New Jersey ta biyo a 2009, Rhode Island a 2014, Niyok a 2018. Daga baya jihar Washinton da birnin Washinton, Massachusetts, Connecticut, Oregon da Colorado suka shigo, Minnesota kuma ta sa 2026 a matsayin shekarar fara biya. A yawancinsu ɗan abin da ake cirewa a albashinka kowane biya ne ke tara asusun. Duba takardar albashinka da kyau, mai yiwuwa ka daɗe kana zubi ba ka sani ba.

A Niyok ana biyan kashi 67 cikin ɗari na matsakaicin albashin mako, har iyakar da jiha ta yanke, na tsawon mako 12. Ma'aikacin awa 20 ko fiye a mako yana cancanta bayan mako 26 a jere, ba ruwan dokar da girman kamfani ko matsayin takardun zamanka, kuma ta riƙe maka gurbinka. Ma'anar iyali a can ta fi faɗi: surukai, kakanni, jikoki, har 'yan'uwa na ciki ɗaya tun 2023. Kalifoniya na biyan mako 8, amma kuɗin kaɗai take bayarwa a wannan tsari. Kariyar gurbi daga wata dokar jihar take zuwa, wadda ta shafi kamfani mai ma'aikata 5 ko fiye. Don haka kullum ka riƙa tambayar kanka abu biyu daban: wa zai biya ni, kuma wace doka ce ta riƙe mini aikina?

'Yar'uwa mai juna biyu, naki lissafin kashi biyu ne. Akwai lokacin da jiki ke murmurewa, wanda a jihohi irin su Kalifoniya, New Jersey, Niyok, Rhode Island da Hawaii inshorar rashin lafiya ta wucin gadi ke biya. A Kalifoniya abin da aka saba shi ne mako 4 kafin haihuwa, mako 6 bayanta, ko 8 in tiyata aka yi. Bayan wannan sai a buɗe na renon jariri, da nasa fom daban. Mata da yawa na karɓar na farko su koma aiki da ɗanyen jego, ba su san akwai na biyu ba.

In jiharku ba ta da irin wannan tsari, ko kamfanin bai kai ma'aikata 50 ba, kar ki ce shi ke nan. Tun 27 ga Yuni, 2023, wata dokar tarayya ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya sassauta wa mai ciki da mai jego, kamar kujerar zama, rage ɗaukar kaya mai nauyi, lokacin zuwa awo, har hutun murmurewa, sai dai in hakan zai jawo wa kamfanin wahala mai yawa. Mai shayarwa kuma na da haƙƙin lokaci da keɓantaccen wuri, wanda ba banɗaki ba, don tatsar nono har shekara guda. In duk waɗannan ba su shafe ki ba, ki nemi hutu ba albashi a rubuce. Ko sun ƙi, takardar da ke nuna kin nema za ta yi miki rana a gaba.

In aikin ya riga ya tafi

Bari in fara kawar da wani nauyi da nake gani a zukatan mutanenmu. Wasu na jin kunyar neman kuɗin rashin aiki, suna ganin kamar bara ce. Inshora ce da aka kafa tun 1935 a ƙarƙashin dokar Social Security ta zamanin Shugaba Roosevelt, kuma kamfanin da ka yi wa aiki ya riƙa biyan haraji a kan albashinka saboda irin wannan rana. A Alaska, New Jersey da Pennsylvania ma har daga albashin ma'aikaci ake cirewa. Guminka ne.

Ka nema a makon da aikin ya tsaya. A yawancin jihohi lissafi na farawa daga makon da ka shigar da buƙata, kwanakin da ka yi kana jiran ko za a kira ka sun tafi a banza. Jihar da ka yi aikin za ka nema, ko da a wata kake kwana. Ka shiga shafin hukumar ƙwadagon jihar kai tsaye, ka lura adireshin na gwamnati ne, kuma kar ka biya kowa ko sisi, nema kyauta ne. Kafin ka zauna gaban kwamfuta ka tara lambar Social Security, katin shaida, sunaye da adireshin duk inda ka yi aiki a wata 18 da suka wuce da ranakun farawa da gamawa, takardun albashi, da lambar asusun banki. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne, sai ya ba da lambar girin kad ko ta takardar izinin aiki. Sharaɗi ne kana da izinin aiki lokacin da ka yi aikin da kuma lokacin da kake karɓar kuɗin, don haka in izininka ya kusa ƙarewa ka sabunta da wuri. Sunan da ka rubuta ya zama daidai da na katin Social Security harafi da harafi. Bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed kaɗai na iya tsayar da fayil makonni.

Abin da za a ba ka ya dogara da albashin da ka samu a wani lokaci da suke aunawa. Suna raba shekara gida huɗu, wata uku-uku, su ɗauki kaso biyar na baya da suka cika, su yar da na baya-bayan nan a cikinsu. Misali, in ka nema a watan Mayu na 2025, albashin Janairu zuwa Disamba na 2024 za a duba. Wanda bai daɗe da fara aiki ba zai iya faɗuwa a wannan ma'auni, amma jihohi da yawa na da ma'auni na biyu da ke duba watannin baya-bayan nan, ka tambaya. Za a aiko maka da wasiƙa mai nuna albashin da suka gani. Ka gwada ta da takardunka, in wani kamfani ya ɓace a ciki ka nemi gyara nan da nan. Kuɗin kan kai kusan rabin albashin mako, amma kowace jiha da rufinta: dala 235 a Mississippi, dala 450 a Kalifoniya, sama da dala 1,000 a Massachusetts. Yawancin jihohi mako 26 suke biya, wasu kamar Florida suna saukowa har mako 12, kuma da yawa ba sa biyan makon farko.

Masu tuƙin Uber ko kai saƙon abinci, da duk wanda ake ba fom ɗin haraji 1099 na 'yan kwangila a maimakon W-2 na ma'aikata, galibi ba sa cikin tsarin. Tallafin da ya haɗa da su lokacin korona ya ƙare a Satumbar 2021. Amma in kamfani ne ke yanka maka lokacin zuwa da tashi, shi ke ba ka kayan aiki da umarni, sannan ya kira ka ɗan kwangila, ka nema duk da haka, jiha ce za ta yanke ko kai ma'aikaci ne. Mai aiki ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata kuma ya kira su da zarar aikin da aka tura shi ya ƙare, ya nemi wani, ya ajiye shaidar kiran. A wasu jihohi rashin yin haka daidai yake da ajiye aiki.

Tambayar da komai ya rataya a kanta

Me ya raba ka da aikin? In rage ma'aikata aka yi ko an rufe wurin, magana ta ƙare. In korar ka aka yi, kar ka ɗauka ka rasa. Abin da ke hana mutum shi ne saɓa doka da gangan, kamar sata, faɗa, ko ƙin zuwa aiki bayan gargaɗi. Rashin sauri, kuskure, ko kasa cika adadin da aka ɗora maka duk da ƙoƙarinka, galibi ba sa hanawa, kuma kamfanin ne zai kawo hujjar laifinka. In kuwa kai ka bari, nauyin hujja ya dawo kanka. Sai ka nuna dalili mai ƙarfi, kamar rashin biyan albashi, haɗari ga lafiya, ko cin zarafi, kuma ka nuna ka yi ƙoƙarin gyara kafin ka fita. Wasu jihohi na karɓar jinyar iyali a matsayin dalili, wasu ba sa karɓa, kuma tambayar farko da za a yi maka ita ce ko ka nemi hutu.

Saboda haka in an kira ka ofis an turo maka takarda an ce ka sa hannu ka ajiye aiki da kanka don "kar sunanka ya ɓaci", ka ce za ka tafi da ita gida ka karanta. Ajiye aikin dole a jihohi da yawa kora ake ɗaukar sa, amma tabbatar da cewa dole aka yi maka ba ƙaramin aiki ba ne in sa hannunka na kan takarda. Ciki kuma shi kaɗai ba ya hana mace wannan kuɗi, dokar tarayya ta haramta hakan. Muddin likita bai hana ki aiki ba kuma kina nema, kin cancanta kamar kowa.

Za a iya kiranka a waya don jin ta bakinka, sau da yawa da lambar da ba ka sani ba. Ka ɗauka. Ka rubuta ranaku da abin da ya faru a takarda tun kafin kiran, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, ka faɗi gaskiya ba tare da zagin tsohon shugabanka ba. In Turancin na ba ka wahala ka nemi tafinta, kyauta ne.

Kowane mako da aikinsa

Shigar da buƙata buɗe ƙofa ne kawai. Kowane mako, ko mako biyu a wasu jihohi, sai ka koma ka tabbatar cewa kana da lafiyar aiki, a shirye kake, kana nema, kuma ka faɗi duk abin da ka samu. Makon da ka tsallake ba a biyan sa. Ka ci gaba da yi ko kuɗin bai fara shigowa ba. Ka ware littafi guda don neman aiki: rana, sunan kamfani, gurbin, hanyar da ka bi, amsar da aka ba ka. In an gayyace ka cibiyar samar da aiki, ka je, rashin zuwa na tsayar da biya.

Ɗan aikin da ka samu na kwana ɗaya ko biyu, ka faɗe shi, kuma a mafi yawan jihohi a makon da ka yi shi ake faɗa, da adadin kafin cire haraji, ko ba a biya ka ba tukuna. Sau da yawa rage kuɗin makon kawai za a yi. Ɓoyewa ce ke jawo bala'i, domin jiha na gwada bayananka da rahoton kamfanoni, kuma in aka ce da gangan ka yi, za ka mayar da kuɗin da tarar aƙalla kashi 15 cikin ɗari, a kuma hana ka na gaba. Ga wanda ke kan hanyar neman zama ɗan ƙasa, tabon zamba ba abin wasa ba ne.

Maganar tafiya ita ce na fi so a ji da kyau. Mutum ya rasa aiki, ya ga ga sarari ya samu, bari ya leƙa gida ya ga iyaye. Ka je, amma makonnin da kake waje kar ka tabbatar da komai, kuma kar ka ba wani lambar sirrinka ya yi maka. Jihohi na ganin daga inda aka shiga shafinsu, Niyok ma toshe fayil take yi in an shiga daga ƙasar waje. Ka sanar da su kafin ka tashi, in ka dawo ka sake buɗe fayil ɗin, sauran makonninka na nan muddin shekarar fayil ɗin ba ta cika ba.

Kuɗin nan ana biyan harajin tarayya a kansa. Ka zaɓi a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari tun farko, don kar fom 1099-G, takardar harajin wannan kuɗi, ya zo maka a farkon shekara da bashin da ba ka shirya masa ba. Inshorar lafiya kuma tana da nata agogon: kwana 60 ne ka zaɓi ci gaba da ta kamfani ta tsarin COBRA, wanda ke kaiwa wata 18 amma kai za ka biya duka, ko kwana 60 ka shiga ta HealthCare.gov ko kasuwar inshorar jiharka, wadda sau da yawa ta fi sauƙi. Ka duba Medicaid ma, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, musamman saboda yara, shi ba shi da lokacin rufewa.

In an hana ka

Wasiƙar hani ba ita ce ƙarshen magana ba, amma wa'adinta gajere ne: kwana 14 a Teksas, kwana 30 a Kalifoniya da Niyok, kuma daga ranar da ke jikin wasiƙar ake ƙirgawa. Layi biyu sun isa: ban yarda da wannan hukunci ba, ina ɗaukaka ƙara. Ka sa suna da lambar fayil, ka tura, ka ajiye shaidar turawa. Za a sa ranar sauraro, yawanci ta waya, gaban jami'in da zai rantsar da kai da wakilin kamfani ya ji kowa. Ka aika takardunka kafin ranar kamar yadda wasiƙar gayyata ta ce, ka kawo wanda ya gani da idonsa in akwai, kuma ka nemi ofishin lauyoyin taimakon marasa ƙarfi na yankinku, da yawansu na karɓar irin wannan ƙara kyauta. Duk tsawon jiran nan ka ci gaba da tabbatarwar mako-mako, domin in ka yi nasara makonnin da ka tabbatar kaɗai za a biya ka.

Baiwar Allahn nan da na fara da labarinta, wasiƙarta ta yi kwana goma a kan firij kafin ta kira ni. A daren muka rubuta layi biyun, da safe ta tura, sannan ta shiga wayarta tana tono saƙonnin da ta yi da shugabarta da hoton takardar asibitin mahaifiyarta.